Yadin da Ba a Wanke Ba

Litinin, da hantsi

Yau ma akwai rana. Abin da mijina ya fara faɗa ke nan, tun kafin ya ce min ina kwana. Ya ɗaga labule ya leƙa sama, ya ce, “Kai, yau ranar aiki ce.” Sai kuma ya tuna, ya juyo ya ce, “Ya jikin?” Na ce da sauƙi.

Yaya ce ta ce in riƙa rubutu tunda na ƙi magana. Wai littattafan soyayyar da na karanta sun fi kwali guda, bai kamata shafi ɗaya ya gagare ni ba.

Jakar asibitin tana bayan ƙofa inda aka ajiye ta. Na kwashe nawa kayan. Ɗaya aljihun ban buɗe ba.

Talata, bayan azahar

Bari in rubuta yadda aikinsa yake, don har yau Yaya ɗauka take rini yake yi.

Mijina mai hoto ne, amma ya daɗe da jingine kyamara. Da rana yake bugawa. Yakan haɗa ruwan sinadari iri biyu, ya shafe farin yadi da burushi a ɗakin da ya toshe wa taga, yadin ya bushe ya koma rawaya mai kore-kore. Sai ya fito da shi tsakar gida ya ɗora abu a kai. Duk inda rana ta taɓa zai zama shuɗi, inda abin ya tare zai fito fari. Amma sai an wanke yadin da ruwa zalla hoton yake tsayawa. In ba a wanke ba, rana ta sake ganinsa, har farin za ta cinye.

Abin da yake ɗorawa a kai, ni ce. Tun da cikin ya fara fitowa, duk wata sai in kwanta a gefena a kan sabon yadi, in rufe ido, ya tsaya a kaina yana cewa, “Kar ki motsa, ’Yar Littafi.” Zufa tana bin bayana, amma ina jin kaina kamar matar da ake labarinta. Wace ce a cikin ƙawayena mijinta yake ajiye inuwarta?

Ranar na ƙarshen, yaron ya yi ta harbi. Dariya ta kama ni. Ya ce, “Don Allah kar ki motsa.” Na ce, “Ba ni ba ce, Yallaɓai, ɗanka ne. Gaya masa.” Ya durƙusa ya gaya masa kuwa. Da na tashi sai muka tarar an ɗauke ruwan famfo. Ya naɗe yadin da sauri ko dubawa bai yi ba, ya cusa a baƙar leda, ya ce gobe.

Goben muna asibiti.

Alhamis, da la’asar

Na ɗauke ledar daga ɗakin aikinsa. Tana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwa.

Na ja labule, na rufe ƙofa, na warware yadin a kan gado. A ɗan duhun nan ana gani. Ga ni nan kwance, rawaya a cikin toka-toka, ga kafaɗa, ga ƙugu, duk layin ya fita tsaf kamar an yanka da reza. Sai a wuri ɗaya, a kan tudun cikin, layin ya yi hazo, kamar an goga da babban yatsa.

Nan ne.

Matar mai hoto ce ni, amma abin da nake da shi ke nan. Kafin in farfaɗo an riga an gama komai, an kai yaron makwancinsa.

Asabar, da yamma

Mutanensa sun zo. Ƙarshen wata za su baje aikinsu tare a wani zaure, tun kafin abin ya faru aka sa rana. Akwai Anti Mai Laka, dattijuwar da ke gina kawunan mutane da laka, muryarta kamar ta direban babbar mota. Akwai Gemu, wanda yake buga hoto da ruwan ganye. Sun yi min sannu yadda ya kamata, na kawo shayi, kafin ya huce sun koma hirarsu.

Gemu ya ce nasa hotunan ba sa tsayawa, haske yana cinsu a hankali, kuma shi abin da yake so ke nan. Ya ce, “Hoton da ba ya mutuwa ƙarya yake yi.”

Anti ta ce, “Rufe mana baki. Ragwanci ne ya hana ka koyon yadda ake tsayar da shi, ka zo kana yi mana wa’azi. Wanda ya rataya naka a falo, bayan shekara takardar naɗe ƙosai... ” Ta tsaya, ta dube shi. “Ko naɗin ma ba za ta yi ba, tana warin alayyafo.”

Suka yi dariya. Shi ma ya yi. Rabon da in ji dariyarsa tun ranar famfo.

Sai ya fito da yadunan da aka wanke, ya shimfiɗa su a tsakar ɗaki ɗaya bayan ɗaya, cikina yana girma daga wannan zuwa wancan, suna zagayawa da kofuna a hannu. Anti ta ce shuɗin na uku ya fi zurfi, ta tambaye shi ko ya canja ruwa. Gemu ya tsuguna yana duba saƙar yadin. Ina tsaye da faranti, babu wanda ya ce in zauna, babu wanda ya ce in fita.

Anti ta ce, “Jerin bai cika ba. Ina na ƙarshe?”

Ya ce, “Yana nan.” Bai dube ni ba.

Lahadi, da safe

Na buɗe littafi, matar ciki ta suma, mijin ya ɗauke ta a hannu. Na rufe.

Talata, bayan magariba

Ya tambaya. Yana cin abinci, yatsunsa da shuɗin da ba ya fita, ya ce, “’Yar Littafi, ke kika ɗauki ledar?”

Na ce ni ce.

Ya ce, “Ko a duhu lalacewa yake yi, sai dai a hankali. In aka ƙara ’yan makonni komai zai dushe. Bari in wanke.”

Na ce, “In ka wanke, na wa ne?”

“Naki ne mana. Namu.”

“Za ka rataya?”

Ya ajiye cokali. “Na ɗan lokaci ne kawai. Daga nan ya dawo gida, ki sa shi inda kike so.”

Ban san abin da ya sa na faɗa masa ba. Wataƙila na ɗauka in ya ji zai fasa. Na ce, “Wurin da ya motsa ya fito. Layin ya yi hazo a daidai wurin.”

Idonsa ya kawo ruwa, wallahi na gani. Na ce a raina yanzu ne, yanzu zai kama hannuna ya ce wannan ba na idon kowa ba ne. A littafi a nan ake faɗa.

Ya ce, “Kin ga ke nan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya.”

Na kwashe kwanukan.

Laraba, da hantsi

Yau ma akwai rana.

Alhamis, bayan azahar

Yaya ta zo. Na ba ta labari, ta ce, “To mene ne abin wahala? Sa ledar a jaka mu tafi gidana, ga famfo ga baho, ki wanke abinki ki ɓoye. In ya tambaya ki ce ɓera ya ci.”

Na ce a’a.

“Don me?”

Na ce, “So nake shi ya ce. Da bakinsa. Ya ce na bar miki.”

Ta dube ni ta girgiza kai. “Ke dai littattafan nan sun gama da ke. Namiji ake gaya wa abu da babbar murya bai ji ba, ke kina jira ya karanta zuciyarki?”

Na ce ai na gaya masa.

“Kin ce masa kar ka rataya?”

Tambayarsa na yi, ban hana shi ba. Amma mutumin da yake gane bambancin shuɗi da shuɗi daga bakin ƙofa, sai na rubuta masa a allo?

Ta ga jakar bayan ƙofa, ta ce ta tafi da ita? Na ce ta bari.

Asabar, da la’asar

Ya ce in raka shi wurin Anti in sha iska. Tsohon gareji ne, ƙasan duk jiƙe, kawuna jere a kan katako, wasu an lulluɓe su da jiƙaƙƙen tsumma kamar masu zazzaɓi. Muna shiga ya ce zai je ya duba sandunan rataya, ya bar mu.

Anti ta ba ni kujera, ta ci gaba da kwaɓa laka. Ta ce, “’Yata, da maigidana ya rasu na gina kansa. Ya fito, har karkacewar hancin. Na ƙi sa shi a wuta, don wuta takan fasa, takan kuma canja fuska. Kullum in yayyafa masa ruwa in rufe. Wata rana na yi tafiya, na dawo na tarar ya tsage gida uku.” Ta buga lakar a kan tebur. “Abin da ba ki tsayar ba, ba ki da shi. Mu nan abin da muka sani ke nan.”

Na ce, “Da kin gasa, za ki kai shi zaure?”

Ta ce, “Sosai ma. A gaba zan sa shi, ya yi ta hararar mutane yadda ya saba.” Sai ta sassauta murya. “Shi ma nasa ya rasa, ’yata. Wasu kuka suke yi, wasu aiki. Kar ki ce sai irin naki.”

Maganarta ta shige ni, ba zan yi ƙarya ba. Har na fara tunanin in ba shi. Sai ya dawo, suka haɗa ido, ta ɗan ɗaga masa gira. Ashe shan iskar ke nan.

A mota ya ce, “Kun yi hira?” Na ce mun yi.

Litinin, da yamma

Mai zauren ta zo duba yadunan. Ina kicin, ƙofa a buɗe.

Na ji yana ba ta labari. Ranar famfo. Yadda na yi dariya, yadda ya ce kar in motsa. Har muryata ya kwaikwaya: “Ba ni ba ce, Yallaɓai, ɗanka ne.” Matar ta yi dariya, sai ya yi shiru, ya bar shirun ya yi tsawo, sannan ya ce, “Kuma wurin ya fito a yadin. Layin ya yi hazo.” Ta ja numfashi. Ta ce dole a rubuta wannan a bango kusa da shi. Ya ce ya riga ya fara tsarawa.

Shekaranjiya na ji yana ba Gemu a waya. A daidai wurin nan ya yi shirun. Tsawonsa ɗaya.

Da ta tafi na fito na ce, “Kar ka rataya. Ga shi na faɗa da babbar murya.”

Ya ce, “Haba, ’Yar Littafi. An riga an bar masa bango guda.” Ya shafa kaina. “In kika gan shi a can, da haske a kansa, za ki gane. Gobe in na dawo mu wanke tare.”

Mu wanke tare. Jimlar ta yi kyau. Da a littafi na gan ta da na ja mata layi.

Talata, tsakar rana

Ya fita ɗauko sanduna.

Yau ma akwai rana, irin wadda yake so, babu gajimare ko ɗaya.

Na fito da yadin. Na ninka shi a kan igiyar shanya, na maƙale da ’yan itatuwan shanya guda biyu don kar iska ta yar. A haske ya fi fitowa. Ban taɓa ganin wurin sosai haka ba, ashe hazon ma biyu ne, ƙarami a kusa da babba. Na sa yatsa a kai.

Na ɗauko kujera da littafi na zauna a inuwa. Famfo yana gefena, akwai ruwa, har yana ɗiga. Na ce a raina in na kai ƙarshen shafin nan zan tashi in wanke. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Ƙafafuwan suka fara dushewa, rawayar tana komawa toka. Na ce bari ya kai gwiwa. Ashe ba daga ƙasa yake tafiya ba, ko’ina yake ci lokaci ɗaya.

Da na miƙe babu abin da zan wanke.

Talata, bayan la’asar

Ya shigo da sanduna a kafaɗa, ya tsaya. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na ji daɗi.

Ya sauke yadin, ya cika baho, ya yi ta wankewa yana canja ruwa, rawaya tana bin rariya. Ya ɗaga. Shuɗi ne tun daga sama har ƙasa, mai duhu, wanda bai taɓa samun irinsa ba. Sai a tsakiya, inda itatuwan suka cije, ’yan tabo farare ƙanana.

Ya zauna a ƙasa cikin ruwan, wandonsa ya jiƙe, yadin a cinyarsa. Kafaɗunsa suna rawa. Na taso. Na ce to ga shi, mun rasa tare, yanzu babu bango babu zaure, sai ni da shi. Har na kai hannu.

Sai na ga ya ɗan karkata kai. Na san karkatawar nan. Haka yake yi in abu ya fara yi masa kyau. Ya miƙe ya shanya yadin, ya ja baya, ya ƙara ja baya har ya taka min ƙafa, ya ce yi haƙuri. Ya goge hannu a riga ya ɗauko waya.

“Anti, kina wurin aiki? Zo ki ga wani abu.”

Laraba, da safe

Bai tambaye ni dalili ba.

Juma’a, da hantsi

Har yanzu bai tambaya ba. Ya sayo min sabon littafi, ya ajiye a kan matashi. Na riga na karanta shi, yana cikin kwalin da yake ɗora takalmansa a kai.

Asabar, da yamma

Na je. Yaya ta ce kar in je, na je.

Zauren fari fat, fitilu a sama. Kawunan Anti a tsakiya, ganyayen Gemu a lungu inda haske bai da ƙarfi. Ni kuma a dogon bango, ina girma daga hagu zuwa dama, mutane suna bina da kofin lemo. A ƙarshe, a bangonsa shi kaɗai, shuɗin.

Nan aka fi taruwa. Yana tsaye a gefe cikin rigar da na goge masa. Ya ba da labarin, da muryata, da shirun. Yanzu an ƙara masa ƙarshe. Ya ce, “Mahaifiyar ba ta yarda a tsayar da shi ba. Ta mayar wa rana abinta.” Wani ya tambaye shi ko da gangan aka tsara haka, ya ce a irin wannan bugu mutum ba ya iko da komai, aikin ne yake zaɓar hanyarsa.

Gemu ya same ni ya ce, “Madam, kin fi mu duka. Ni shekaru nake neman abin da kika yi da rana ɗaya.” Da gaske yake, abin haushin ke nan.

Anti ta ce wa mijina, “Kai, hannunta ne fa. A ƙara sunanta a katin da ke jikin bangon.” Ya ce wallahi gaskiya ne, ya juyo da fara’a ya ce, “Kina so?” Na ce a bar shi yadda yake.

Wata mata da ban sani ba ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta jawur. Ta ce tabon nan farare kamar sawun jariri. Ta ce, “Kin yi dace, ’yar’uwa. Ba kowane namiji ne yake jin ciwon mace haka ba.”

Na ce na gode. Itacen shanya ne, ban gaya mata ba.

Na ƙona shi a rana don kar baƙi su gani. Ga su nan sun cika ɗaki, kowa ya san ya yi harbi, kowa ya san abin da na ce, wasu har suna maimaitawa a bakin ƙofa.

Litinin, da hantsi

Yau ma akwai rana.

Na shimfiɗa zanin gado, na kwanta a gefena, na tashi, na bi shatin da yatsa ina neman wurin. Na san biyu ne, ƙarami da babba. Amma ƙaramin a sama yake ko a ƙasa? Jiya na tabbata a sama. Yau ban sani ba.

Yana tsakar gida yana shafa sabon yadi, an ce ya ƙara yin irin shuɗin. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Yallaɓai, hazon nan, ƙaramin ta wane gefe yake?”

Ya ɗago da burushi a hannu. Ya ce, “Wane ƙarami?”

“Biyu ne ai.”

Ya ce, “Ni ban taɓa gani ba, ’Yar Littafi. Ke kaɗai kika gani.”

Sinadarin yana ɗiga daga burushin a kan siminti. Ya duba ƙasa, ya duba sama, ya ce bari ya ƙarasa kafin ya bushe.